Inda Roka ta Tara ta Faɗi

A shekarar 1988 aka turo ni ƙaramar sakandaren Tudun Gora, wani ƙauye a bakin babban kanal tsakanin Kura da Bunkure, in koyar da kimiyya. Sunana Dalhatu. Na taho daga Dawakin Kudu da keke, da takardar shaidar malanta sabuwa fil, da girman kan da ya fi keken nauyi. Ɗakin gwaje-gwajen makarantar kuwa kabad ne guda ɗaya, a ciki na tarar da kwalabe uku da busasshen ƙadangare.

Ban yi wata biyu ba na gane abin da ke cinye mini aji. A garinmu in an yi girbi yaro ya samu kansa, sai kuma damina. Nan kuwa tun da aka kawo ruwan kanal rani ya daina zama rani. A yanke shinkafa a shuka alkama, a yanke alkama a dasa tumatir, kowace gona tana neman yaro. Ga shi gwamnati ta hana shigo da alkama daga waje, kowa ya shuka ta har bakin ƙofarsa, janbaki kuma suka ji labari. Janbaki ɗan tsuntsu ne da za ka rufe a tafin hannu, amma ba ya zuwa shi kaɗai, dubbai suke saukowa. Da zarar ƙwayar alkama ta fara madara, sai ka ga benci-benci sun zama fayau, yara duk suna tsaron tsuntsu. Hedimasta kuma yana da doka: wanda ya yi sati uku bai zo ba, a ja wa sunansa jan layi a rajista, ba za a sa shi cikin masu jarrabawar aji uku ba.

A cikin 'yan aji ukun nan akwai Sammani. Yaro ne siriri mai shekara goma sha biyar, ƙafafunsa duk faso saboda ruwan gona, ga tambayar tsiya. Shi ne ya ɗaga hannu wata rana ya ce, "Malam, na ji a rediyo an ce can sama babu iska. To in babu iska, me kumbo yake dogarawa har ya yi gaba?"

Na ce, "In ka tsaya a kan ɗan katako a cikin kanal ka yi tsalle zuwa gaɓa, ina katakon yake yi?"

Ya ce, "Baya."

"Kai fa?"

Sai fuskarsa ta washe. Ya ce, "Ashe abin da ya tura baya shi ke tura shi gaba." Na yi sati ina fama da wannan darasi, yaro ya gama shi da jimla ɗaya. Tun daga ranar na sa a raina cewa ko duk ajin zai watse, wannan sai ya rubuta jarrabawa ya wuce babbar sakandare.

Saboda haka ranar da mahaifinsa, Malam Datti, ya same ni a gindin darbejiyar makaranta, tun kafin ya gama gaisuwa na san abin da ya kawo shi. Dattijo ne mai ciwon ƙirji, ba ya haɗa magana uku bai yi tari ba. Babban ɗansa ya tafi ci-rani Kudu shekara huɗu ke nan, ko wasiƙa babu.

Ya ce, "Malam, nan da sati uku alkamata za ta fara madara. Zan ɗauki Sammani ya hau rumfar tsaron tsuntsu har a yanke."

Na ce, "Baba, har a yanke sati biyar ne fa. Za a soke sunansa."

"Na sani. Ni ma ba son raina ba ne. Ihu ake yi daga safe har faɗuwar rana, ni kuwa ka ji ƙirjin nan."

A nan bakina ya riga hankalina. Na ce ya ba ni sati ukun nan, ni da ɗalibaina za mu ƙera abin da zai tashi sama ya fashe da ƙara, janbaki su watse. Shi aikinsa kawai ya zauna a inuwa ya kunna lagwani da safe, Sammani ya karɓe shi in an tashi daga makaranta. Ya dube ni ya ce, "To Malam, in ka kore su, ina za su?"

Na ce, "Su koma inda suka fito mana."

Ya amince dai, ya ce zai lallaɓa ya tsare kwana biyu-ukun farko da kansa. In abin ya yi aiki ranar Juma'ar sati na uku, Sammani ya ci gaba da karatu, in bai yi ba, Asabar ya hau rumfa.

Haka muka fara ƙera roka. Gora muka yanko a bakin rafi, muka roƙi albarushi wurin wani tsohon maharbi mai suna Tambaya, wanda ya ba mu yana dariya, ya ce in mun gama ƙona kanmu mu kawo masa ragowar. Na rubuta doka ɗaya a saman allo, na hana kowa gogewa: wanda ya harba, shi zai je inda ta faɗi ya ɗauko, ya duba, ya rubuta. Na ba Sammani littafi mai shafi arba'in, ya ja layi huɗu: lambar roka, abin da ta yi, inda ta faɗi, laifin da aka gano.

Ta farko ko motsi ba ta yi ba, a ƙasa ta fashe, ta tafi da girata ta hagu. Har na bar ƙauyen nan ana kirana Malam Gira Ɗaya, a bayan idona wai. Ta biyu ta yi hayaƙi ta mutu. Ta uku ta tashi, amma a kwance, ta bi ragon hedimasta har bayan ofis, na sha faɗa kamar ɗan aji ɗaya. Ta biyar ta yi wani kewaye ta faɗa kanal, Sammani ya tuɓe riga ya shiga ya lalubo ta, da sanyin nan. Kowace ya ɗauko sai ya tsaga ta da wuƙa, ya shinshina, ya rubuta da ƙaramin rubutunsa: albarushi ya ji danshi, ramin baya ya yi faɗi, gefe ɗaya ya fi nauyi.

Ɗalibai goma sha biyu muka fara da su, zuwa ta shida saura huɗu. Ta bakwai ta fashe kafin Sammani ya ja da baya, ta ƙona masa babban yatsa. Ya zauna a ƙasa ya riƙe hannun, hawaye na zuba, ya ce, "Malam, mu haƙura. Gara in hau rumfar kawai."

Na fusata, ban ɓoye ba. Na ce, "Ka buɗe littafin nan. Laifi nawa ka gano?"

"Bakwai."

"Akwai wanda ya maimaita kansa?"

Ya duba, ya girgiza kai.

Na ce, "To ba faɗuwa bakwai ka yi ba, tsani bakwai ka taka. Rago ne yake ƙirga faɗuwa. Tashi ka ɗauko ta." Na ji daɗin maganar nan a bakina, har na so a ce akwai mai rubutawa. Ya tashi ya ɗauko. Washegari ya zo da yatsa a naɗe da tsumma, da wani dogon karan dawa miƙaƙƙe. Ya ce ya kwana yana tunanin kibiyar Tambaya, ya ga abin da ke gaba gajere ne, na baya dogo, shi ya sa ba ta juyawa. Muka ɗaure gorar a kan karan. Ta takwas ta miƙe sama ɗoɗar har ta wuce tsayin rimi, sai dai ba ta fashe ba. Wannan gyara ne na yini ɗaya. Muka haɗa ta tara ranar Alhamis da daddare, muka jingine ta a cikin kabad.

Akwai abin da ya kamata in faɗa a nan, wanda nake wucewa ta gabansa a keke kullum ban taɓa tsayawa na duba ba. Gonakin ban-ruwa ba kamar na tudu ba ne. A jere aka yanka su, eka bayan eka, ba abin da ya raba ka da maƙwabcinka sai 'yar kunya. Kowace gona da rumfarta a kan dirkoki, da yaro a kai, da igiyoyi masu gwangwanaye. In garken tsuntsu ya taso, na farko ya ja igiya ya yi ihu, kafin su sauka a ta kusa na biyu ya karɓa, na uku ya karɓa, haka har na ƙarshe ya fitar da su daji. Mutanen wurin suna cewa ba korar janbaki ake yi ba, miƙa shi ake yi. Shi ya sa yaro ba ya sauka daga rumfa ko da fitsari ne sai ya kira na kusa ya riƙe masa. Ni duk wannan hayaniya kawai na ɗauke ta, irin ta mutanen da ba su san kimiyya ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar muka isa gonar Malam Datti. Na sa an jera bokiti shida cike da ruwa, don abin da nake tsoro gobara ce. Ana zaton wuta a maƙera. Labari ya riga mu zuwa, manya sun tsaya a kan kunya, yaran rumfuna suna ta leƙe daga nesa. Da na ga haka sai na ɗaga hannu na yafito su, na ɗaga murya na ce, "Ku matso ku ga kimiyya!" Malami ne ya kira, wa zai ƙi? Suka dirgo ɗaya bayan ɗaya, har da wani ɗan mitsitsi mai shekara bakwai, Lukmanu, wanda ya taho a guje daga can ƙarshen layi. Jikan Goggo Saude ne, wata tsohuwa da mijinta da ɗanta suka rasu suka bar mata jikoki biyu da rabin eka. Gonarta ce ta ƙarshe, a bayan tudun babban kanal, daga inda muke ba a hango ta.

Muka jira. Can sai ga su, baƙi ƙirin kamar hayaƙin ƙona daji, suka karkato suka fara sauka a alkamar Malam Datti. Sammani ya yi bisimilla ya kunna lagwani ya ja da baya.

Ta tashi. Wallahi ta tashi. Ta yi wata ƙara ta miƙe sama tana jan farin hayaƙi, ta yi ƙanƙanta, sannan ta fashe, tau! Janbaki suka tashi gaba ɗaya, suka murɗa, suka yi gabas, ko ɗaya bai rage ba. Wuri ya kaure da sowa. Malam Datti ya yi dariya har tari ya durƙusar da shi, ya kama hannuna ya ce, "Malam, na yarda. Ya yi karatunsa." Sammani bai yi ihu ba, tsaye yake yana kallon sama, bakinsa a buɗe. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba, kuma ban sake ji ba.

Sai doka ta zo: wanda ya harba ya ɗauko. Sammani ya nufi yamma inda iska ta kai gorar, yaran rumfuna duka suka bi shi, kowa yana son ya zama shi ya gani. Ni ma na bi, ina yi wa manya bayanin turi da ramuwarsa. Mun fi awa guda muna bin ciyawar bakin kanal kafin a same ta, ta ƙone rabi. A duk tsawon lokacin nan ba a ja gwangwani ko ɗaya ba, kuma babu wanda ya lura da shirun.

Kukan tsohuwa ne ya dawo da mu. Goggo Saude ta kawo wa jikanta fura, ta tarar da rumfa babu kowa. Tsuntsayen da muka tayar sun bi layi suna neman wurin sauka. Gonakin kusa da mu hayaniyar taro ta tsare su, sai suka tsallake tudun kanal suka sauka a rabin ekar da ba mai karɓa. Da muka iso a guje suka tashi da kansu, a ƙoshe.

Alkamar tana nan tsaye, daga nesa ka ce lafiya lau. Tsohuwar ta tsinko zangarniya ɗaya ta murza a tafin hannu ta hura, ba abin da ya rage. Ta matsa gaba ta tsinko wata ta hura. Haka ta yi ta yi har tsakiyar gona, mu muna tsaye. Lukmanu ya ɓuya a bayan dirkar rumfa yana kuka. Ta dawo ta jawo shi jikinta ta ce, "Yi shiru, ɗan nan. Malami ne ya kira ka." Ba ta zage ni ba, ko kallona ba ta yi ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Da safe aka taru a zauren mai unguwa Maikuɗi. Tun kafin a tambaye ni na ce laifina ne, ni na kira yaran, a ɗora mini ko mene ne.

Mai unguwa ya ce, "Malam Dalhatu, mun ji, Allah ya saka da gaskiya. Amma kai baƙo ne, gobe a yi maka canjin wurin aiki. A nan abin da muka gada, gonar da ta zubar da tsuntsu kan maƙwabci ba tare da an miƙa ba, gidan mai gonar ne ke ɗauka. Daga gonar Datti suka tashi."

Na ce zan saya mata alkama daga albashina. Goggo Saude ta yi magana daga bakin ƙofa, murya ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Ɗana, buhu ɗaya ko biyu za ka saya, mu cinye. Da alkamar nan nake sallamar wanda ke kama mini ruwa ranar da aka sako, da mai huɗa, da mai dashe. Yanzu wa zai shiga mini gona? Hannu na rasa."

Aka yanke cewa Malam Datti zai ba ta kashi ɗaya cikin uku na abin da ya girba, gidansa kuma su riƙe mata aikin gona, tumatir da shinkafa, har alkama ta zagayo. Aka kuma hana harba roka a gonaki. Malam Datti ya sunkuyar da kai ya ce ya karɓa. Kowa a zauren ya san gidan Datti hannu biyu ne masu lafiya, kuma na Sammani ne. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ni dai na ga inda ba haka ba, ni na ja, yaron ya doka.

Na yi ta zarya. Na roƙi hedimasta ya ƙara sati biyu a kan ukun, ya ƙara, don ba mugu ba ne. Amma ruwan kanal da safe ake sakowa, ba ya jiran a tashi daga makaranta, aikin kuma na shekara ne. Na je na sami Sammani a rumfar gonar mahaifinsa, igiya a hannu, muryarsa ta dishe. Na hau na zauna kusa da shi. Na ce zan koma wurin mai unguwa, zan nemo ɗan ƙwadago, zan yi kaza, zan yi kaza. Na ce kada ya sake ya karaya, ya tuna tsani bakwai.

Ya ce, "Ban karaya ba, Malam. Baba ma ya ce in na ƙi ba zai tilasta ni ba, zai shiga da kansa. Ka san in ya shiga ruwan nan da ƙirjinsa ba zai kai damina ba." Ya ja igiya, gwangwanaye suka yi kuka, na gaba ya karɓa. Sannan ya ce, "Kuma ai ni na kunna. Kai ka rubuta mana a allo."

Na ce, "Wannan dokar ta gora ce, Sammani, ba ta wannan ba."

Bai yi mini musu ba. Ya zaro littafin daga aljihu, ya naɗe shi a leda saboda raɓa, ya miƙo mini. Na buɗe shafin ƙarshe. Lamba: tara. Abin da ta yi: ta tashi daidai, ta fashe a sama, tsuntsaye sun gudu. Inda ta faɗi: gonar Goggo Saude.

Na ce, "Ai a bakin kanal muka tsince ta, ta yamma."

Ya ce, "Gorar ce ta faɗi can."

Layi na huɗu, na laifin da aka gano, babu komai a ciki. Na nuna masa da yatsa.

Ya ce, "Na tsaga ta na duba, Malam, har sau biyu. Ban ga laifinta ba, komai nata daidai ne. Na ce ko kai za ka gane, sai ka cike."

Ya juya ya ci gaba da kallon gabas, don lokacin zuwansu ya yi. Na sauko daga rumfar na tura kekena, ban iya hawa ba, ina tafe ina kuka kamar yaro, mutane na yi mini sannu.

Ranar Litinin ta sati na shida hedimasta ya kira ni ofis ya miƙo mini rajista da jan biro, don ni ne malamin ajin. Na ɗora rula a kan sunan Sammani Datti na ja layin da hannuna. Ya fito a miƙe, ko karkacewa bai yi ba. Na koma aji na tarar da dokar tana nan a saman allo, na ɗauki tsumma zan goge, na fasa.

Shekara biyu bayan nan aka mayar da ni Madobi, kamar yadda mai unguwa ya faɗa. Littafin yana cikin akwatina har yau, a ledarsa. Layi na huɗu yana nan babu komai, kuma ba don ban san abin da zan rubuta ba ne.